Ra'ayina Game Da Littafin Wasan Yunwa

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne gardamar da ake yawan yi a kan littattafan ƙagaggun labarai, musamman waɗanda aka sa soyayya a cikinsu. Iyaye da yawa suna ganin ba abin da suke jawowa sai ɓata tarbiyya da cinye lokacin karatu. To, ni akwai wani littafi da na karanta wanda nake roƙon a saurari abin da na tsinta a cikinsa kafin a yanke masa hukunci.

Sunan littafin The Hunger Games, watau wasan yunwa. Wata mata 'yar Amurka mai suna Suzanne Collins ta wallafa shi a shekarar 2008. Ta ƙaga wata ƙasa mai suna Panem, wadda ke da babban birni guda da gundumomi 12. Mutanen gundumomi su ke noma, su ke haƙar kwal, su ke kamun kifi, amma mutanen birni su ke ci su ƙoshi. Don kada talakawa su manta wanda ke mulkinsu, kowace shekara sai a jefa ƙuri'a a ɗauki yaro da yarinya daga kowace gunduma, 'yan shekara 12 zuwa 18, a zuba su 24 a daji su kashe juna har saura ɗaya, ana nuna wa duniya a talabijin. Ƙuri'a ta faɗa kan ƙanwar wata yarinya mai suna Katniss, 'yar shekara 16, sai ta miƙa kanta a madadin ƙanwar. Wanda aka haɗa ta da shi daga gundumarsu shi ne Peeta, ɗan mai gasa burodi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda hukumar ƙasar ta mai da yunwa linzami. Duk yaron da gidansu ba abinci yana iya karɓar hatsi da mai, amma sai an ƙara sa sunansa cikin ƙuri'ar mutuwa. Ashe ke nan ɗan talaka ya fi ɗan mai hali kusa da kabari. Haka kuma wata ƙaramar yarinya mai suna Rue, 'yar gundumar manoma, ta ba da labarin cewa a garinsu wanda ya ci abin da ya noma bulala ake yi masa a bainar jama'a.

Da na zo nan sai na ga ai labarin ba baƙo ba ne a wurinmu. Mu mutanen Toranke da sauran ƙasar Ajingi da Gaya manoma ne, gero da dawa da wake da gyaɗa mu ke noma su. Amma wa bai san yadda ake yi ba? Da kaka hatsi ya yi araha, manomi ya sayar don biyan buƙata, a loda a mota sai kasuwar Dawanau. Da damina ta yi tsakiya, rumbu ya yi ƙasa, sai shi manomin ya koma sayen abin da ya noma da tsada, ko ya ci bashin dami guda ya biya biyu da kaka. Wannan bashi ɗan'uwan hatsin Panem ne, domin ka ci yau, ka jinginar da gobe. Kakanninmu sun ga abin da ya fi haka a yunwar 1914 wadda ake kira Ƙaƙalaba, iyayenmu kuma da yawa sun ga farin 1973. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai batun soyayya, wanda shi ne abin da iyaye suka fi tsoro. Asalin son da ke tsakanin Peeta da Katniss burodi ne. Tana shekara 11 mahaifinta ya rasu a ramin kwal, yunwa ta kusa hallaka su. Peeta ya gan ta cikin ruwan sama tana bincikar kwandon shara, sai ya ƙona burodi biyu da gangan, uwarsa ta doke shi, shi kuwa ya jefa wa yarinyar. Shekara biyar bayan haka, a wurin da aka ce ta kashe shi ko ya kashe ta, ita ce ta nemo shi da rauni ta yi jinyarsa. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. A ganina yarinyar da ta karanta wannan za ta koyi auna saurayi da abin da ya yi mata ranar wuya, maimakon daɗin bakinsa a dandali. Yaro kuma zai gane cewa so ɗawainiya ne.

Ban ce komai na littafin abin koyi ba ne. Akwai zubar da jini da yawa, don haka bai dace da 'yan aji ɗaya ba. Katniss ta riƙa nuna son da ba ta tabbatar da shi a zuciyarta ba don masu kallo su aiko musu da abinci, wannan kuwa yaudara ce ko da yunwa ta jawo ta. A ƙarshe ma su biyun sun yi barazanar cin guba don kada ɗaya ya kashe ɗaya, alhali kuwa addininmu ya hana mutum kashe kansa. Akwai kuma ɗabi'un Turawa da ba namu ba. Amma mai hankali idan ya sami tsakuwa a shinkafa tsincewa yake yi, ba ya zubar da tukunya.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu, in kun ga ɗanku da littafi irin wannan, kafin ku ƙwace ku ce ya ba ku labarin da Hausa, ku tambaye shi abin da ya koya. Nan take za ku gane ko karatu yake yi ko shiririta. Mu kuma ɗalibai, kada mu tsaya a kan wa ya auri wa. Mu dubi abin da ya ceci mutanen labarin, watau ciyar da juna. Abin nan kuwa muna da shi tun kaka da kakanni: ga zakkar hatsi, ga gayya, ga ciyayya tsakanin maƙwabta. Duk garin da kwanon tuwo ke ƙetare katanga, da wuya azzalumi ya ja mutanensa da igiyar yunwa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga yunwa da zalunci, amin.