Wa ya goge ayoyin Baibul? Ku daina tura saƙon nan

1/ Jama'a, akwai wani saƙo da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp daga Nasarawa Burkullu har Gummi da Anka: wai Turawan zamani sun goge ayoyi daga Baibul cikin dare don su ɓoye gaskiya. Musulmi na turawa da murna, wasu Kiristoci na turawa da fushi. Duka biyun ba su bincika ba.

2/ Abin da ke gaskiya a ciki: ɗauki NIV ta Turanci, nemi Matiyu 17:21, ko Yahaya 5:4, ko Ayyukan Manzanni 8:37. Za ka ga lamba ta tsallake, an sauko da ayar ƙasan shafi. A King James ta 1611 kuwa suna nan daram. To mi ya faru?

3/ Sabon Alkawari da Girkanci aka rubuta shi, kuma sama da shekara dubu da hannu ake kwafarsa. Yau akwai kwafin hannu fiye da 5,000, ba su yi daidai da juna ɗari bisa ɗari ba. Duk mai fassara dole ya zaɓi wanda zai bi. Nan rigimar take.

4/ A 1516 wani malami, Erasmus, ya buga na Girkanci a birnin Basel. 'Yan kwafi ƙalilan ya samu, kuma na baya-baya ne, galibi na wajen ƙarni na 12. Kwafinsa na littafin Wahayi ma ba shi da ayoyi shida na ƙarshe, sai ya juyo su daga Latin zuwa Girkanci da kansa. Daga zuriyar wannan bugu King James ta fito.

5/ Lambobin ayoyin ma ba na asali ba ne. Wani mai ɗab'i, Stephanus, ya sa su a 1551, a kan wancan matanin. Shi ya sa in aya ta fita sai ka ga giɓi a lissafi.

6/ Daga baya masana suka kai ga kwafi masu tsufa sosai: Vaticanus da ke Rum, da Sinaiticus wanda Tischendorf ya gano a gidan ibadar da ke Dutsen Sina'i a 1844 da 1859. Duka na ƙarni na 4 ne. Waɗancan ayoyin babu su a ciki. Ƙarshen Markus 16:9-20 babu. Labarin matar da aka kama da zina, Yahaya 7:53-8:11, babu.

7/ A 1881 Westcott da Hort suka fitar da matani bisa tsofaffin kwafin, fassarorin zamani suka bi wannan hanya. Wato saƙonku ya juya maganar a baibai. Mafi yawan masanansu cewa suke ƙari ne ya shigo a hannun masu kwafi, aka gano, aka ware shi. Kuma a ƙasan shafi suke rubutawa, kowa na gani.

8/ Babban misali 1 Yahaya 5:7, jimlar da ake kafa hujjar Triniti da ita. Erasmus bai sa ta a bugun 1516 da na 1519 ba, don babu ita a kwafinsa na Girkanci. Sai da aka yi masa caa ya sa ta a 1522.

9/ Ɗan'uwa mai da'awa, kai da ka gaji ilimin isnadi, ka san a kan auna ruwaya da ruwaya. Me zai sa ka bar tarihi mai shekara da suna ka rungumi tatsuniyar "sun goge cikin dare"? Ko Ahmed Deedat da kake ji da shi, littafin yake buɗewa ya nuna shafi. Ranar da ka haɗu da fasto mai karatu, minti biyar zai kwance maka zani a kasuwa.

10/ Kai ma maƙwabci mai cewa King James kaɗai ce sahihiya, sauran na Shaiɗan ne: kana kare aikin da aka gina kan 'yan kwafin baya-baya ne, kana zagin waɗanda suka koma ga mafi tsufa. Kuma mai karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka kammala a 1932 da hannun su Dakta Miller na Zariya, shi fa? Shi ma fassara yake karantawa.

11/ Adalci: mafi yawan bambancin kwafin nan na harafi ne da jerin kalmomi. Manyan kaɗan ne, kuma sanannu ne. Ko sun isa hujjar tahrifi, wannan muhawara ce ta malamai, a yi ta da littafi a buɗe.

12/ Yankin da 'yan bindiga suka hana noma, ba ya buƙatar ƙarin wutar da jahilci zai hura tsakanin maƙwabta. In saƙon ya sake zuwa wayarka, tambayi wanda ya turo: wace aya, wane kwafi, wace shekara? In ya yi shiru, kada ka tura gaba.