Wa Ya Ce Hausa Ba Ta Iya Ɗaukar Manyan Lambobi?

Sau da yawa a hirar ɗalibai a unguwar Malam Inna nakan ji ana cewa wai Hausa ta kasuwa ce da tatsuniya, lissafi kuwa sai Turanci. Ni ba a nono na sha Hausa ba, koyonta na yi, amma sam ban yarda da wannan magana ba. Bari mu gwada da lamba guda.

Ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 ta nuna Jihar Gombe tana da mutum 2,365,040. Me za mu iya faɗa a kan wannan lamba da Hausa zalla? Da farko dai cika ce, ba mara ba, wato tana rabuwa gida biyu ba saura. Tunda ta ƙare da sifiri, tana rabuwa da biyar da kuma goma. Idan aka tara alƙalumanta za a sami 20, kuma 20 ba ta rabuwa da uku, saboda haka ita ma haka take. In aka yi ta farfasa ta, za a tsaya a 2 × 2 × 2 × 2 × 5 × 17 × 37 × 47. Waɗannan ƙananan lambobi ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu. Da za a ba ni dama, "gagara-rabo" zan raɗa musu.

Hausawa ba baƙi ba ne ga manyan lambobi. A zamanin da ake ciniki da wuri, ɗari shi ne zangu, 20,000 kuwa keso, miliyan kuma zambar dubu. Da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta tufafin da birnin ke sayarwa waje sun kai wuri miliyan 300. Fataken da suka riƙe irin wannan ciniki ai ba da Turanci suka yi lissafinsa ba.

Sai dai akwai matsala guda da ta kamata ta dame mu. In mutum ya ce "dubu ɗari da biyar", 105,000 yake nufi ko 100,005? Wannan ruɗani yakan shiga labaran rediyo, da sakamakon zaɓe, har da maganar bashi tsakanin 'yan'uwa, inda kuskure kaɗan kan ɓata zumunci. A nawa ra'ayi, a riƙa sa kalmar "ɗoriya" a inda dubbai suka ƙare. Ke nan lambarmu ta zama miliyan biyu da dubu ɗari uku da sittin da biyar, da ɗoriyar arba'in.

Don haka ina kira ga malamanmu da 'yan'uwana ɗalibai da mu zauna da 'yan sashen lissafi da ma'aikatan rediyo, mu tsayar da ƙa'ida ɗaya. In mu masu nazarin harshen ba mu yi wannan aiki ba, wa muke jira ya yi mana?