Tikitin Jirgi Na Kyauta: Wane Ne Ke Biya?

A cikin watan Mayu na shekarar 1999, wani injiniya ɗan Amurka mai suna David Phillips, ma'aikaci a jami'ar Kalifoniya da ke garin Davis, ya bi kantuna yana kwasar wani irin kunun zaƙi da ake sayarwa cikin ƴan kofunan roba, har sai da ya tara kofi 12,150. Ba kwaɗayi ya sa shi ba. Kamfanin Healthy Choice ne ya yi shelar cewa duk wanda ya aiko da tambari goma daga jikin kayansa kafin ƙarshen watan, za a ba shi makin tafiya a jirgin sama na mil 1,000. Phillips ya buga lissafi, ya ga kofi ɗaya kwatan dala ne kawai, sai ya kashe dala 3,140 (dalar Amurka fa, ba dalar nan ta tamma biyar ba). Da ɓare tambarin ya fi ƙarfinsa shi da iyalinsa, ya kai kunun sadaka ga ƙungiyar Salvation Army bisa sharaɗin ma'aikatanta su taya shi ɓarewa. Ya tashi da mil 1,253,000, abin da ya ishe shi zuwa Turai da dawowa sau da yawa.

Irin wannan labari ne ke sa ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Yamai da Dubai, ko ma'aikacin da gwamnati ke aikawa taro ƙasashen waje, ya riƙa tambaya: shin da gaske akwai tikitin jirgi na kyauta? Akwai. Amma ba daga sama yake faɗowa ba, kuma ya kamata a san aljihun da yake fitowa.

Katin bashi ya girmi makin tafiya. Diners Club ya fito a birnin New York a 1950, Bank of America ya fitar da nasa a 1958, wanda daga baya, a 1976, ya koma Visa. Shi kuwa tsarin maki, kamfanin jiragen American Airlines ne ya yayata shi a 1981 da sunan AAdvantage: kowane mil da fasinja ya yi a sama a rubuta masa, in ya taru a ba shi kujera. A 1987 aka ɗaura wa abubuwan biyu aure, lokacin da Citibank ya fitar da katin da ke ba mutum mil a kan kowace dala da ya kashe, ko da kuwa a kan buhun shinkafa ne. Tun daga nan mutum ke iya tara makin tafiya ƙafarsa ba ta taka filin jirgi ba.

Ga yadda kuɗin ke zagayawa. Duk sa'ad da aka biya da katin bashi a Amurka, mai kanti ba ya karɓar kuɗinsa cif. Ana zaftare masa la'ada ta wajen kashi 2 zuwa 3 cikin 100, kuma kaso mafi tsoka na bankin da ya ba da katin ne. Daga cikin wannan la'ada banki ke sayen maki a hannun kamfanin jirgi da farashin sari, ya raba wa masu katinsa. Cinikin ba ƙarami ba ne: a shekarar 2023 kaɗai, kamfanin jiragen Delta ya samu wajen dala biliyan 6.8 daga American Express. A 2020, da annobar korona ta tsayar da jirage, kamfanin United ya nemi rancen dala biliyan 6.8, kuma abin da ya jinginar ba jirage ba ne, tsarin makinsa ne, wanda aka yi wa ƙima fiye da yadda kasuwar hannun jari ta yi wa kamfanin baki ɗaya a lokacin. Wato dai sayar da maki ga bankuna ya zama saniyar tatsa, ɗaukar fasinja kuwa ya koma kamar kiwon da ake yi don saniyar.

Mai kanti ba ya shanye asarar la'adar; yana zuba ta cikin farashi, kuma farashin ɗaya ne ga kowa. Saboda haka talakan da ya ƙirga tsabar kuɗi ya biya, shi ma ya sa hannu cikin tikitin mai katin alfarma, alhali ko ƙofar jirgin bai gani ba. A ƙasashen Tarayyar Turai hukuma ta shiga tsakani a 2015, ta ƙayyade rabon banki a kashi 0.3 cikin 100 ga katin bashi da 0.2 ga katin da ke cira daga ajiyar mutum. Shi ya sa katunan Faransa ba su da irin kyautar na Amurka: rijiyar da ake ɗibar kyautar ce aka rage wa zurfi.

Amma wanda ya fi kowa biya shi ne mai jinkiri. Katin bashi yana ba da ƴan makonni ba tare da kuɗin ruwa ba. Wanda ya biya duka a ranar da aka yanka ya tsira, wanda ya bar saura kuwa ruwa ya hau kansa. A 2023 da 2024 kuɗin ruwan katunan Amurka ya haura kashi 20 cikin 100 a shekara, kuma a 2023 ne jimillar bashin da ke kan katunan ƙasar ta wuce dala tiriliyan ɗaya. A ɗauki mutumin da ya yi sayayyar dala 1,000. Makin da zai samu, in aka mai da shi kuɗi, bai fi dala 10 zuwa 20 ba. In ya bar wannan bashi ya kwana wata ɗaya tak, ruwansa ya kai wajen dala 17. Kyautar ta tafi ke nan, wata na biyu kuma daga jikinsa ake yanka. Don a gane nauyin abin: a 2014 ƙasashen UEMOA sun tsayar da kashi 15 cikin 100 a matsayin iyakar da banki zai iya ɗora wa mai rance, abin da ya wuce nan laifi ne a gaban shari'a. Ruwan da Ba'amurke ke biya a kan katinsa ya tsallake wannan iyaka nesa ba kusa ba.

Duk da haka akwai gwanayen wannan wasa, kuma ba da ka suke yin sa ba. Abin da suke farauta shi ne tukuicin shiga. A 2016 bankin Chase ya fitar da kati mai suna Sapphire Reserve, da alkawarin maki 100,000 ga wanda ya kashe dala 4,000 cikin wata uku na farko, bisa kuɗin shekara na dala 450. Jama'a suka yi masa rububi har ƙarfen da ake buga katin da shi ya ƙare. Gwanin yakan buɗe kati daidai lokacin da wata babbar hidima ta taso masa wadda ko da kati ko babu sai ya yi ta, ya ɗora ta a kai, ya biya duka kafin wa'adi, ya kwashi tukuicin, sa'an nan ya rubuta ranar da kuɗin shekara zai sake zagayowa don ya rufe katin in ba ya biyan kansa. Littafinsa ya fi na mai adashi tsabta: kati kaza, ranar biya kaza, maki kaza, ranar mutuwarsu kaza. Wasu ma sun wuce gona da iri. Daga 2008 gidan buga kuɗin ƙarfe na Amurka ya riƙa aika wa mutane sulallan dala ɗaya har gida, a kan farashinsu, ba kuɗin dako. Sai masu wayo suka dinga saye da kati, su ɗauki akwatunan su kai banki, su biya katin da su, maki kuwa ya shiga ba a kashe ko sisi ba. A 2011 aka toshe wannan kafa. Bankuna ma sun farga. Chase yakan ƙi ba da sabon kati ga wanda ya buɗe biyar cikin wata 24.

Ga Musulmi akwai wata tambaya da ke gaban duk wannan lissafi. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa katin bashin da aka gindaya wa sharaɗin kuɗin ruwa bai halatta ba, ko da mai shi ya ƙudurta biya kafin wa'adi. Akwai malaman da suka sassauta ga mazauna ƙasashen da rayuwa ke wuya ba tare da katin ba, amma tikitin yawon buɗe ido da wuya ya shiga babin lalura.

To, me ya rage wa matafiyin Maraɗi, Damagaram ko Tawa? Galibin katunan da bankunan yankin sefa ke bayarwa na cire abin da mutum ya ajiye ne, ko na zubawa kafin a kashe, don haka farautar tukuici irin ta Amurka ba ta da fili a nan. Abin da ke hannu shi ne asalin tsarin, wato makin tafiyar kanta, kuma da yawa daga cikin fatake suna barin sa a ƙasa. Rajista kyauta ce. Ethiopian Airlines na da ShebaMiles, Turkish Airlines na da Miles&Smiles, Royal Air Maroc na da Safar Flyer. Ethiopian da Turkish duka suna cikin ƙawancen Star Alliance, saboda haka wanda yau ya bi ta Adis Ababa zuwa Guwanzu, gobe ya bi ta Santambul, yana iya zuba makin duka a asusu ɗaya maimakon ya raba shi gida biyu, kowane bai isa komi ba. Makin na wanda ya zauna a kujera ne, ba na wanda ya biya ba: alhajin da ya aiki yaronsa saro kaya, yaron ne ke da shi. Dole sunan da ke asusun ya yi daidai da na fasfo, harafi da harafi, abin da ke ba masu Mahamadu da Mahamman da Muhammadu wahala. Ya kamata a ba mai yankan tikiti lambar tun a wurin saye, a kuma adana takardar shiga jirgi har sai makin ya bayyana. Tikiti mafi araha kuwa sau da yawa makinsa kaɗan ne, wani ma babu. Ƙara kuɗi don neman maki asara ce tsagwaronta.

Ranar karɓa ma akwai abin da ba a faɗa a talla. Maki yana biyan kuɗin kujera ne, harajin filin jirgi da ƙarin da wasu kamfanoni ke ɗorawa da sunan mai kuwa sai an zaro daga aljihu. Kujerun da ake warewa ba su da yawa, kuma a lokacin cunkoso, kamar Umrar azumi, samun su sai wanda ya nema tun da watanni.

Babban haɗarin dai shi ne ajiya. Maki kuɗi ne da kamfani ke bugawa, shi ke yanka masa daraja, ba kuma ya shawara da kowa. Wanda ya ga watan Janairu na 1994, lokacin da aka kwana faran ɗaya na Faransa yana tamma 50 aka wayi gari yana 100, ya san yadda dukiyar da ke ajiye ke rabewa biyu cikin dare ɗaya. Haka kamfanonin jirage ke yi, sai dai su ba sa kiran taron shugabanni a Dakar. Delta ya janye jadawalin farashin makinsa gaba ɗaya a 2015, ta yadda kujerar da ta ci maki kaza yau tana iya cin ninkinsa gobe. A tsare-tsare da yawa makin yana mutuwa in ya yi shekara biyu ko uku ba a taɓa shi ba. Kamfanin ma yana iya mutuwa: Air Afrique, wanda Nijar na cikin waɗanda suka kafa shi a 1961, ya rushe a 2002, kuma da Air Berlin ya durƙushe a 2017 tsarin makinsa ya bi shi, masu ajiya suka rasa inda za su kai abin da suka tara. Ko kamfani na da ransa, hanya na iya rufewa. A watan Agusta na 2023 Air France ya dakatar da sauka a Yamai, sai waɗanda suka shekara da shekaru suna tara makin Flying Blue don kai iyali Paris suka tarar sai sun fara yankar wani tikitin da kuɗinsu zuwa Kwatano, Lome ko Abijan kafin su iske jirgin da zai karɓi makin.