Ɓera Marar Gashi: Kafin Mu Gama Dariya

Kwanakin baya a wata majalisa a Malumfashi, ɗan ƙanena ya nuna mana hoton wani ɓera marar gashi, jawur kamar ɗan jinjiri, wanda Turawa ke kiwo don sha'awa kawai. Manoman da ke wurin suka tuntsure da dariya. Ban ga laifinsu ba. Wanda ɓera ya yi wa ɓarna a rumbun masara ba zai fahimci mai saya masa keji da abinci ba. Ko a harshenmu, kalmar "kiwo" da riba take tafiya, shi ya sa ba mu da kalma guda ta dabbar da ake ajiyewa don nishaɗi.

Sai dai ina roƙon mai karatu ya dakata da dariyar. Tun 1895 aka kafa ƙungiyar masu kiwon ɓeraye a Ingila. A farkon ƙarni na 20, wata tsohuwar malamar makaranta a Amurka, Abbie Lathrop, ta riƙa kiwonsu tana sayar wa masu sha'awa, daga baya masana na Jami'ar Harvard suka zama abokan cinikinta. Da yawan ɓerayen da ake gwajin magani da su a yau jikokin nata ne. A 1962 kuma aka gano wani nau'in marar gashi a Glasgow, wanda garkuwar jikinsa ke da rauni ƙwarai, har ana dasa masa ƙwayoyin cutar daji ta ɗan Adam don nazari.

Ba ina kira a fara tarairayar ɓera a Funtuwa ba ne. Ɓeran gidajenmu da gonakinmu na iya ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno. Wannan kam tarko da kyanwa ne maganinsa.

Abin da nake nufi shi ne, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu iyaye muna da namu laifin. Yaro ya tara tantabaru ko zomaye, ya san wane haɗi ke ba da wane launi, sai mu ce shiririta ce, mu rushe akurkin. Alhali wannan lura ita ce tushen ilimin gadon halitta. Da irinta masana a Shika, nan kan hanyar Zariya, suka samar da kazar ShikaBrown.

Saboda haka, maimakon tsawa, mu saya wa yaron littafi da biro, ya rubuta uwa da uba da ranar ƙyanƙyasa, malaman gona a makarantu kuma su riƙa duba masa. Allah Ya sa mu gane.