Rami Ya Karya Maka Mota, Wa Zai Biya?



Kukan a zo a gyara mana tituna kuka ne da kunne ya saba da shi. Yau wata tambaya ce daban muke ɗauke da ita: idan ramin titi ya fasa maka taya, ya lanƙwasa wili, ya kashe shokozoba, wa ya kamata ya biya kuɗin gyaran?

Mu ɗauki mai adaidaita sahu a tsakiyar damina. An sheƙa ruwa da la'asar, titi ya shafe, rami ya cika ya yi daidai da kwalta, ba mai iya gane zurfinsa. Yana tafe da fasinja uku, sai ƙafar gaba ta afka. Ƙara ɗaya za ka ji, kan babur ya karkace. Fasinjoji su sauka, kowa ya ce masa "Allah ya kiyaye gaba," su tari wani su wuce. Shi kuwa ya naɗe ƙafar wando ya tura har gareji. Bakanike ya tsuguna, ya girgiza ƙafar da hannu biyu, ya ce wannan ba ta gyaruwa, sai an je kasuwar Ƙofar Ruwa an sayo wata. Kwana biyu ke nan ba aiki, mai babur yana jiran balas ɗinsa, cefane yana jira a gida, kayan gyara kuwa tun da aka cire tallafin mai aka saki naira a 2023 farashinsu bai sake komawa inda yake ba. A duk wannan lissafi babu inda sunan hukumar da ke da titin ya fito. Shi kansa direban bai kawo ta a ransa ba. Abin da zai ce shi ne tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa.

Mun yarda da ƙaddara, kuma haƙuri abu ne mai kyau. Amma imani da ƙaddara bai taɓa sauke wa kowa lamunin ɓarnar da ya jawo ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayani cewa wanda ya haƙa rami a kan hanyar jama'a ba da haƙƙi ba, dabbar wani ta faɗa ta karye, shi zai biya. Saboda haka mai neman diyya bai yi rashin tawakkali ba, kuma ba bara yake yi ba. Haƙƙinsa yake nema.

A duba abin da ake karɓa a hannun mai mota kafin a bar shi ya hau titi. Lasisin tuƙi, sabunta takardun mota kowace shekara, takardar shaidar lafiyar mota, ga tikitin da 'yan haya ke yanka. Ga inshora ta dole, wadda aka ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga ƙananan motocin gida tun Janairun 2023, kuma ita wannan inshora ɓarnar da ka yi wa wani kawai take biya, taka motar ba ruwanta da ita. Idan tayarka ta suɗe, jami'in kiyaye haɗurra yana da hurumin tsayar da kai ya ci ka tara. Wannan daidai ne, domin tsohuwar taya tana kisa. To rami ma yana kisa. Wace doka ce za ta tilasta wa talaka ya tabbatar motarsa lafiya lau take, sannan ta ƙyale mai titi ya bar shi yana cin motocin mutane shekara da shekaru ba wanda ya tambaye shi?

Abu na farko da ke ɗaure wa mai neman haƙƙi kai shi ne sanin mai titin. Titunan Najeriya sun kai kimanin kilomita 195,000. Na gwamnatin tarayya kusan 35,000 ne, kuma kula da su yana wuyan Ma'aikatar Ayyuka da hukumar FERMA da aka kafa a 2002. Jihohi suna da nasu, da hukumominsu irin su KARMA a Kano da KADRA a Kaduna. Kaso mafi tsoka kuwa, fiye da rabi, na ƙananan hukumomi ne. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa gina hanyoyi da kula da su, da magudanan ruwa, da fitilun titi, cikin ayyukan ƙaramar hukuma, gwargwadon yadda majalisar jiha ta tsara. Shekaru da yawa uzurin ciyamomi shi ne kuɗinsu yana maƙalewa a asusun haɗin gwiwa da jiha. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Aiwatar da hukuncin yana jan ƙafa, amma duk wanda ya nemi a ba shi kuɗi a hannunsa, ya shirya amsa tambaya a kan aikin da kuɗin ke biya.

Idan ka gano mai titin, sai ka tarar da katangun da doka ta gina masa. Akwai Dokar Kare Jami'an Gwamnati, wadda ta ce duk ƙarar da za a kai kan abin da jami'i ya yi ko ya ƙi yi a bakin aikinsa, sai a shigar da ita cikin wata uku. A 1998, a wata shari'a da ta taso daga Kaduna, Kotun Ƙoli ta ce wannan kariya ba ta tsaya kan ɗaiɗaikun ma'aikata ba, ta haɗa har da hukumomi. Wata uku! Mutumin da haɗarin ya kwantar a asibiti da karaya, kafin ya fara dogara sanda wa'adi ya ƙare. Bayan haka, dokokin hukumomi da yawa sun ce sai ka aika musu da takardar sanarwa tukuna, galibi wata guda kafin ka je kotu, idan ka tsallake wannan a yi watsi da ƙararka ba a ma saurari kokenka ba. Idan Allah ya taimake ka ka yi nasara, sashe na 84 na dokar aiwatar da hukuncin kotu ya ce kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati ba a taɓa shi sai da yardar Antoni Janar. Wato lauyan gwamnatin da ka kayar shi ne zai sa hannu a biya ka. Wane direba ne zai bi wannan doguwar hanya saboda gyaran naira dubu tamanin? Kuɗin lauya kaɗai ya ninka asarar.

Akwai kuma wata tsohuwar ƙa'ida a shari'ar Ingila, wadda tsarin kotunanmu ya samo asali daga gare ta. Ƙa'idar ta ce idan hukuma ta yi aiki a titi ta yi shi da ganganci, a kama ta. Idan kuwa zama kawai ta yi ta ƙi gyarawa, ba ta da laifi. Su da suka ƙirƙiro ta sun soke ta da wata doka ta 1961. A yau sashe na 41 na dokar manyan hanyoyinsu ta 1980 ya ɗora wa hukuma wajibcin kula da titi. Mai mota a Ingila yana ɗaukar hoton rami, ya haɗa da rasit ɗin gareji, ya aika wa hukumar yankinsa ba tare da lauya ba.

Wani zai ce idan aka buɗe wannan ƙofa a nan, asusun gwamnati zai ƙare a biyan diyya, kuma duk mai tsohuwar mota zai laƙa wa rami laifi. Damuwar tana da tushe, kuma dokar Ingila ta yi mata tanadi. Sashe na 58 ya ba hukuma damar kare kanta idan ta nuna cewa tana zagayawa duba titin a kan kari, tana kuma gyara abin da aka kai mata rahoto cikin lokacin da ya dace. Saboda wannan ne ake ƙin biyan masu nema da yawa a can. Amma ku lura da abin da ya haifar: dole hukuma ta ajiye littafin ranar da ta duba kowane titi, da ranar da aka kawo ƙorafi, da ranar da ta cike ramin. A ganina amfanin diyya mafi girma ke nan. Ranar da barin rami ya fi cike shi tsada, ranar za a fara cike shi tun yana ƙarami, da kwalta da injin daddaɓewa, a hutar da yaran nan da ke zuba jar ƙasa da shebur suna miƙa wa direbobi hannu, ruwa ɗaya ya wanke aikinsu.

Mu ma jama'a muna da namu laifin. Mu ke zuba shara a lambatu har ruwa ya rasa hanya ya kwanta a kan kwalta, kuma ruwa kwance shi ne babban mai kashe titi. Mu ke fasa titi mu ja bututun ruwa mu tafi mu bar shi a buɗe. Manyan motoci suna ɗaukar lodin da ya fi ƙarfin hanyar. Duk wannan gaskiya ne, sai dai hana shi ma aikin hukuma ne, kuma mai adaidaita sahun da ya faɗa rami ba shi ya yi wa tirela lodi ba.

Kafin a gyara doka, kada wanda abin ya faɗa wa ya tafi gida hannu rabbana. Wayar da ke aljihunka shaida ce. Ɗauki hoton ramin da ɓarnar nan take, ta yadda za a ga wani gini ko allo da zai nuna wurin. Karɓi lambar mutum biyu da suka gani. Roƙi bakanike da mai kayan gyara su rubuta maka rasit mai kwanan wata, ko da ba su saba ba. Rubuta takarda zuwa ga shugaban hukumar da ke da titin, ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a kan naka. Ka riƙa ƙirga kwanaki, domin wata ukun nan ba ya jiran amsarsu. Idan sun yi shiru, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa tun 1975, tana da ofis a kowace jiha, kuma ba a biyan ko sisi a kai mata ƙara. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ita ma ta ba ka damar tambayar nawa aka ware wa titin, wa aka ba kwangila, kuma ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa.

Mutum ɗaya ba zai iya ba, shi ya sa nake kira ga shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW, da ta masu motocin haya NARTO, da ƙungiyoyin 'yan adaidaita sahu. Kuna karɓar kuɗin ƙungiya kullum a tasha. Ku buɗe littafi a kowane reshe, duk ɗan ƙungiyar da rami ya yi wa ɓarna a rubuta wuri da rana da abin da ya kashe. Ku ɗauki lauya ɗaya ya haɗa koken mutum hamsin da rami guda ya cuta, ya kai gaban babbar kotu. Takardar mutum ɗaya ana iya jefa ta a durowa, amma ta ƙungiya mai dubban mambobi sai an karanta.

Ga 'yan majalisun dokokin jihohinmu kuma, wannan aiki a hannunku yake. Ku yi doka da za ta fayyace titin da ke wuyan jiha da wanda ke wuyan ƙaramar hukuma, a kafa allo a kan kowane babban titi da sunan mai shi da lambar kai rahoto. Ku sa wa'adin cike rami bayan an kai ƙorafi. Idan wa'adin ya wuce ramin ya yi ɓarna, mai mota ya kai hoto da rasit gaban majistare ba sai da lauya ba, a biya shi daga kasafin hukumar da ta yi sakaci, ita kuma ta bi ɗan kwangilar da ya yi mata aikin da bai kai damina biyu ba.