Wa zai biya diyyar lebura? Raddi ga masu cewa inshorar gini caca ce

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, garin bai huta da ƙarar injin kwaɓa kankare ba. Duk mai ɗan fili yana son ya ɗora bene ya zuba ɗalibai haya, leburorin kuwa suna shigowa da sassafe daga ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma, su ɗauki kwanon siminti a ka su hau tsani. A cikin masu waɗannan gine-gine akwai ra'ayin da ya samu gindin zama, wasu masu wa'azi ma suna ƙarfafa shi, cewa yi wa aikin gini inshora haramun ne kuma asarar kuɗi. Na tattara hujjojinsu yadda suke faɗinsu, zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Kafin nan a san abin da ake gardama a kai. Inshorar nan ba ta gidan da aka gama ba ce. Yarjejeniya ce ta tsawon aiki guda, daga haƙa fandisho zuwa miƙa makulli, wadda za ta biya idan lebura ya faɗo, ko bulo ya suɓuce ya sami mai wucewa, ko bango ya rufta kan ɗakin maƙwabci. Wanda zai karɓi kuɗin ba mai ginin ba ne.

Sun ce caca ce, akwai garari da riba a ciki. A nan suna da rabin gaskiya, kuma ba zan ɓoye ta ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta haramta inshorar kasuwanci, ko da yake babban malami kamar Mustafa Zarƙa ya halatta ta. Amma me ya sa ake karanta farkon hukuncin a rufe littafi? Wannan zaman dai shi ne ya halatta inshorar taimakon juna, wato takaful, inda mahalarta ke zuba gudummawa a asusu guda, a biya wanda tsautsayi ya afka wa, kamfani kuma ya karɓi ladan kula da asusun. Sudan ta fara ta tun 1979. A Najeriya hukumar kula da inshora, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojinta a 2013, kuma kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful suna aiki da lasisi. Mai gudun riba yana da ƙofa a buɗe. Wanda ya ƙi wannan ya ƙi waccan, to ba ribar yake gudu ba.

Sun ce faɗuwar lebura ƙaddara ce, har suna kafa hujja da hadisin da ya nuna babu diyya ga wanda rijiya ko ramin ma'adini ya halaka. Wannan ita ce hujjarsu mafi nauyi, don haka zan daɗe a kanta. Hadisin ingantacce ne, yana cikin Muwaɗɗa da Buhari. Sai dai Imamu Malik da kansa, a cikin Muwaɗɗar, ya bambanta wanda ya haƙa inda ya halatta da wanda ya haƙa inda bai kamata ba, kamar kan hanyar jama'a, ya ɗora wa na biyun lamuni. Malaman mazhabarmu sun yi magana kan bangon da ya karkata, aka gargaɗi mai shi, ya yi biris har ya faɗa kan mutum: shi ma zai biya. Abin da ake dubawa ke nan, an yi sakaci ko ba a yi ba. To mai benen da ya sa aka rage rodi, aka buga bulo da yawa daga buhu guda fiye da ƙima, aka cire katakon dakin kafin kankare ya kama don ɗalibai sun kusa dawowa hutu, a wane ɓangare yake? Kisan kuskure ma ƙaddara ne, amma Alƙur'ani a Suratun Nisa'i ya wajabta diyya a kansa. Imani da ƙaddara bai taɓa sauke bashi daga wuyan kowa ba.

Diyyar kuma ba wasa ba ce. Raƙuma 100 ne, ko dinari 1,000, wanda ya haura kilo 4 na zinariya. A farashin yau ana maganar ɗaruruwan miliyoyin naira, abin da ya fi kuɗin benen gaba ɗaya.

Sai suka ce ai shari'a ta ɗora diyyar kuskure a kan dangi, kuma mu Hausawa muna da zumunci. Madalla, sun kawo mini hujjata da hannunsu. Dalilin raba diyya ga dangin uba a cikin shekara 3 shi ne mutum ɗaya ba zai iya ɗauka ba, sai a watsa nauyin a kan jama'a. Muhtasar na Halil ma ya gabatar da mutanen diwani, wato waɗanda rajistar albashi guda ta haɗa tun zamanin Sayyidina Umar, a kan dangin jini, ya ajiye baitulmali a ƙarshe. Ashe tun can an yarda rajista ta tsaya a matsayin dangi. Yanzu a gaya mini, a wace unguwa ta Dutsin-Ma aka taɓa ganin 'yan uwan mai gida sun yi karo-karo shekara 3 don biyan diyyar ɗan kwaɓa? Abin da aka saba shi ne a tura buhun shinkafa da ɗan abin sadaka ranar uku, dattawa su taru a roƙi yafiya. Uban mamacin talaka ne, yana zaune gaban Alhaji da mai unguwa, kunya ta hana shi buɗe baki, sai ya ce ya bar wa Allah. Matar da marayun, waɗanda su ma suke da haƙƙi a diyyar, ba wanda ya tambaye su. Sannan ko da dangin suna biya, ba sa ɗaukar ɓarnar dukiya. Ɗakin maƙwabcin da ya rushe yana wuyan wanda ya jawo shi kaɗai.

Sun ce dokar da ta wajabta inshorar gini ta Legas ce, ta masu bene hawa 20. Gaskiya ne benen Ikoyi da ya rushe ranar 1 ga Nuwamba 2021 hawa 21 ne, ya kashe fiye da mutum 40. Amma wanda ya rufta a titin Beirut a Kano cikin Agustan 2022 hawa 3 ne, ana cikin gininsa. Sashe na 64 na Dokar Inshora ta 2003 ya wajabta inshora ga ginin da ya wuce hawa 2, da tarar naira 250,000 ko ɗaurin shekara 3, kuma sabuwar dokar da aka sanya wa hannu a Agustan 2025 ba ta sauke wajibcin ba. Dokar tarayya ce, ta iso Katsina. Ƙashin bayan lebura kuwa daga dakin farko ma karyewa yake yi.

Hujjarsu ta ƙarshe ita ce kamfanonin ba sa biya. Wannan kam ba zan kare kowa ba. Mutanenmu sun san inshora ne ta takardar mota da ake saye don a nuna a shingen hanya, da yawa jabu, kuma wanda ya taɓa bin haƙƙinsa ya san jeka-ka-dawo. Ofisoshin ma sai an je Katsina ko Kano. Haka nan kowace yarjejeniya tana da iyakar abin da za ta biya, wanda da wuya ya kai cikakkiyar diyya. Amma idan aka zauna sulhu da miliyoyi a hannu, ba daidai yake da zama da buhun shinkafa ba. Maganin kamfani mai taurin bashi shi ne a tabbatar da lasisinsa kafin a biya ko kwabo, in ya yi gardama a kai ƙara NAICOM, wadda ke da sashen karɓar koke. Kamfanin kirki kuma zai nemi ganin taswirar da hukumar tsara birane ta amince da ita da sunan injiniyan da ke kula da aikin, kuma ina zargin wannan tambayar ce wasu masu benen suka fi tsoro.

Mai shirin ɗora bene ya karanta takardar da idonsa, ko ya ba wanda ya iya. Ya duba ko ta haɗa da leburan da ake sallama kullum da yamma, waɗanda sunansu ba ya cikin kowane littafi, don su ne suka fi hawa tsani. Ya duba ranar da za ta ƙare, domin gini a nan yakan tsaya wata da watanni idan kuɗin siminti ya yanke, kuma idan aka dawo aiki bayan wa'adin ya wuce, sai an sabunta ta kafin lebura na farko ya hau.