Wa Ya Ci Amanar Fadamar Haɗejia da Nguru?

Jama'a, mun gaji da biki. Duk ranar 2 ga Fabrairu sai a kafa rumfa, a jera kujeru, a raba riguna masu hoton tsuntsu da sunan ranar dausayi ta duniya. A karanta jawabi, a dasa bishiya ɗaya a gaban masu ɗaukar hoto, a watse. Wa ya taɓa komawa bayan wata guda ya ga ko akuya ta bar dashen?

Ba ƙaramar dukiya Allah ya ajiye mana tsakanin Jigawa da Yobe ba. A nan kogin Haɗejia da na Jama'are ke baje ruwansu kafin su haɗu su nufi Gashuwa, su gangara Tafkin Chadi. Da wannan ruwa masunci ke ci, da shi manomin shinkafa ke ci, kuma nan makiyayi ke kawo shanunsa idan rani ya tsananta. Da sanyi ya kama a Turai, tsuntsaye sukan ƙetaro Bahar Rum da Sahara su sauka a Dagona da Baturiya, su tarar da dinya da kirinjijiya 'yan gida. Saboda tsuntsayen nan Yarima Philip na Ingila ya tako har Dagona a 1989. A 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, Dagona da Baturiya suka biyo baya a 2008.

Takarda kam an sa mata hannu. To ina aikin?

An gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992. Ba wanda ya ce kada Kano ta sha ruwa ko ta yi noman rani. Amma a da ruwa yakan malala da damina, ya janye da rani, ƙasa ta bushe ta huta. Yanzu ambaliyar da ke ciyar da fadama ta ragu, wasu hanyoyin ruwan kuma ba sa bushewa ko kaɗan. Abin da ciyawar kachala ke so ke nan. Ta cika magudanai, laka ta taru a gindinta, ruwa ya rasa hanya. Sai ya karkata ya cinye gonaki da gidaje ta wajen Marma da Nguru, na ƙasa kuma suna kallon kogi yana ƙafewa.

Masana sun faɗi wannan tun lokacin aikin kare fadamar da aka fara a 1987. Sun ce a tsara sakin ruwa yadda zai yi kama da na damina da rani, a riƙa yashe magudanai. Rahoto nawa aka rubuta tun daga nan? Taron ƙara wa juna sani nawa aka yi a otal mai sanyi, aka karɓi kuɗin zama? Waɗanda aka damƙa wa amanar ruwan nan ba jahilai ba ne. Sun sani sarai, sun zaɓi su kau da kai.

Na ga masunci tsamo-tsamo cikin ruwa har ƙirji, da adda a hannu, yana saran kachalar da ta fi shi tsawo don ya buɗe wa kwalekwalensa hanya. Da ya fito, matsattsaku biyu na manne a ƙaurinsa. Ya ciccire su ya yar, ya koma ciki. Aikin da ya kamata injin haƙa ya yi, shi talaka ke yi da jininsa. Kuma cikin wannan kachalar jan-baki ke kwana, gari na wayewa su faɗa wa shinkafa da gero. Yaran da ya kamata su kasance a aji suna bakin gona suna kaɗa gwangwani tun asuba.

Sai batun itatuwa, wanda ya fi ƙona mini rai.

Wata rana a bakin wani shingen hanya na ga babbar mota shaƙe da buhunan gawayi, har ta karkace don nauyi. Yaron mota ya diro, ya dunƙule hannu, ya gaisa da mai tsaron shingen, aka ɗaga sanda. Ko minti biyu ba a yi ba. A wannan yankin kuma za ka ji an ƙwace gatarin wata tsohuwa saboda damin ƙirare. An bar jaki ana dukan taiki. Ita tsohuwar ce ta mallaki injin yankan itace? Ita ke da motar?

Kirya da marke da kanya sun tafi buhu. Yanzu an fara taɓa itatuwan da kakanninmu ba sa yarda a ɗora musu gatari. Tsamiyar da ake tsoron ratsawa da tsakar rana, kukar da ta ba unguwa suna, gawon da ke zubar da ganye da damina don ya bar gero ya sha rana, ya kuma ciyar da dabbobi da rani. Mun ce tsoron iskokin tsamiya camfi ne, mun yar. Madalla. To me muka sa a madadinsa? Addinin da muke tutiya da shi ya koya mana cewa wanda ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci, an rubuta masa sadaka. Sau nawa kuka ji an yi huɗubar Juma'a a kan wannan?

Gauraka fa? Tsuntsun da ake kira na ƙasa a Najeriya, yau da wuya ka gan shi a dajinmu. Amma leƙa gidajen wasu masu hali, ga shi nan yana zagaya tsakar gida da yankakken fiffike. Wa ya kwaso shi daga sheƙa? Wa ya biya? Mai gidan kuma gobe shi ne babban baƙo a taron kare muhalli. Ungulu ma da ke share mana mushe a mahauta ta ɓace, an kai kanta kasuwar masu magani.

Kada kowa ya kawo mana zancen talauci. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun fi mu kuɗi ne? Tun shekarun 1980 manomansu suka rungumi sassaben zamani: idan kututture ya yi toho, a zaɓi rassa masu ƙarfi a bari, a rage sauran. Da wuƙa da haƙuri suka mayar da itatuwa a gonakin da suka kai kusan hekta miliyan 5. Harshenmu ɗaya, ƙasarmu iri ɗaya.

Mu ma jama'a ba mu fita ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mai gas a ɗakin girki da ke aika a sayo masa buhun gawayi don gashin nama, ya san daga inda ya fito. Mai sayen soyayyen tsuntsu a tasha bai taɓa tambaya ko da raga aka kama shi ko da guba ba. Mai unguwar da aka sare kukar bakin kasuwa a gabansa ya yi shiru don an sa masa wani abu a aljihu, mun san shi, muna kuma gaishe shi da safe.

Masu neman ƙuri'a za su zo Guri da Kirikasamma da Bade, kamar yadda suka saba. Ku tare su da tambaya kafin su buɗe baki. Nawa aka ware don yashe Marma, wa aka ba kwangilar, ina injin yake? Malaman daji nawa ke tsaron Baturiya, yaushe rabon a ba su babur da mai? Motar gawayi nawa aka kama bara, kuma mai motar, ba yaron mota ba, wace kotu aka kai shi?